Ranar da Na Mayar da Garin Surukina Ɗigo

Ko tsufa ya ci ni har na fara rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na riƙe makirufo a tashar mota a Gwarzo, da cikakken hankalina, na gaya wa mutumin da nake neman auren 'yarsa cewa garinsa ba wurin tsayawa ba ne, wurin wucewa ne. Kuma ba a kunne na raɗa masa ba. Lasifikar da aka hayo ranar irin ta masu tallan magani a kasuwa ce, har masu sayar da rake a tsallaken titi sai da suka ji.

Bari in fara daga farko, don kada ku ɗauka haka kawai na tashi da haukata. Ina da ɗan shago kusa da tashar, inda nake buga katin biki da fostar 'yan siyasa da kalandar makarantun Islamiyya. Difloma na yi a Kano, kuma tun da na dawo gida da kwamfuta a jaka mutanen unguwa suka laƙaba min Injiniya (ko rediyo ban taɓa gyarawa ba, amma ban taɓa hana kowa kira ba). Wata rana shugaban direbobin tashar, Alhaji Habu, wanda kowa ke ce wa Ciyaman, ya shigo shagon ya zauna a kan kwalin takardu. Ya ce baƙi suna shan wahala. Masu sayen hatsi da 'yan bautar ƙasa da ma'aikatan rigakafi, duk wanda ya shigo sai 'yan kamasho su yi ta jan jakarsa, wani har a cusa shi motar da ba tasa ba. (Zaɓen ƙungiya ma ya matso, amma wannan bai faɗa ba.)

"Injiniya, allo nake so a bakin ƙofa," in ji shi. "Ka rubuta Kano, ka yi kibiya. Ka rubuta Kutama, ka yi kibiya. Shi ke nan."

Da na yi abin da ya ce, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. To amma a lokacin na kamu da wani ciwo, ciwon kallon taswirorin jiragen ƙasa na manyan biranen duniya a waya. Layuka masu launi, miƙaƙƙu tas, tashoshi a jere kamar carbi. Kullum in na gani sai in ce, mu me muka rasa? Sai na gaya wa Ciyaman cewa kibiya aikin masu fentin shago ne, ni taswira zan yi masa, wadda babu irinta daga nan har Kano. Ya ce in dai za a sa sunansa a ƙasa, ya yarda.

Hanya biyu ce a aikin nan, kuma duka na gwada. Ta farko ita ce ka bi ƙasa yadda Allah ya yi ta: inda titi ya lanƙwasa ka lanƙwasa, inda tafiya take da nisa ka ja layi mai tsawo. Na yi hakan, abin ya fito kamar tsutsa ta faɗa tawada ta yi yawo a takarda. Sunayen ƙauyukan da ke kusa da Gwarzo suka hau kan juna ba a iya karantawa, can gaba kuma fili fetal babu komai. Sai na koma ta biyu, wadda dama ita nake so. A ita wannan, ba ruwanka da rafi ko tudu ko nisa. Fasinja abin da ya dame shi ya san motar da zai shiga, da inda zai sauka, in kuma akwai canjin mota a hanya, kada ya wuce wurin. Don haka na miƙe hanyoyin, na ba kowace launinta: ta Kano ja, ta Kutama kore, wadda ke shiga ƙauyukan wajen Gammo shuɗiya. Kowane gari na yi masa ɗigo, duka girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya. Inda ake sauka a canja mota kaɗai na yi wa babban zobe, na rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, don ko daga nesa ido ya faɗa kansa.

A nan ne na haƙa wa kaina rami. A kan titin Kano, cikin ƙasar Kabo, akwai wata kwana inda masu shiga wajen Gammo suke sauka daga bas su hau ƙaramar mota ko babur. Babu komai a wurin sai bishiyar darbejiya da benci da mai faci da teburin wani mai shayi, Ado. Wurin ko suna ba shi da shi, direbobi cewa suke yi "wajen Ado". To tunda nan ake canja mota, ƙa'ida ta ce zobe. Na zana masa zobe ƙato, na rubuta KWANAR ADO da baƙaƙen da suka kusa kai na Gwarzo.

Daga kwanar, in ka bi shuɗin layi, gari na gaba shi ne Tudun Ɗinya. Gari ne sosai, da masallacin Juma'a da kasuwa da firamare da ƙaramin asibiti, da dagacin da ya gaji sarauta tun kakanni, Alhaji Lawan. Shi kansa Ado ɗan garin ne, in ya ga dagaci daga nesa sai ya cire takalmi. A cikin gidan dagacin nan kuma akwai Sa'adatu, malamar firamare, wadda na kusa shekara ina zuwa wurinta zance, har an tsayar da cewa manyana za su je tambaya bayan an gama yankan gero. Garin nan dai, tunda ba a canja mota a cikinsa, ɗigo na yi masa daidai da na kowa.

Ba zan ce ba a gargaɗe ni ba. Wata la'asar muna zaune a soron gidansu, na fito da waya na nuna wa Sa'adatu aikin, ina jiran yabo. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta ce, "Ina garinmu?"

Na nuna mata. Ta sa gefen mayafinta ta goge fuskar wayar.

"Au, shi ne wannan? Na ɗauka datti ne. Wannan ƙaton fa, wane birni ne?"

"Kwanar Ado."

"Adonmu mai shayi?" Ta yi dariya har sai da ta rufe baki. Da ta gama sai ta ce, "Ka san Ciyaman ɗinku ya gayyaci Baba buɗe allon nan ko? Ka ɗan ƙara wa ɗigon ƙiba mana, ko kaɗan ne."

Maimakon in ce to, sai na gyara zama na buɗe mata aji. Na yi mata bayanin cewa a manyan birane fadar shugaban ƙasa ma in ba a canja jirgi a wurin ɗigo take samu, kasuwar 'yan gwanjo kuwa in ana canjawa sai ta samu zobe. Na ce in na ƙara wa garinsu girma na karya ƙa'ida, kuma taswira ba ta san suruki ba. (Wallahi haka na faɗa, har ina jin daɗin yadda maganar ta fito.) Ta kalle ni irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya dage a kan amsar da ba daidai ba, ta ce, "To, Malam mai ƙa'ida, Allah ya ba da sa'a."

Ranar buɗe allo aka kafa rumfa a bakin tasha, aka jera kujerun roba, aka lulluɓe allon da farin ƙyalle. Dagatai da masu unguwanni suka zauna a sahun gaba, Alhaji Lawan a tsakiya. Gajeren dattijo ne mai sanyin murya, wanda in yana zolayarka fuskarsa ba ta motsi, sai ka koma gida kake gane an yi da kai. Ni kuwa na sha sabuwar shadda, na karya hula, ina ta kai-komo da waya a kunne ba tare da kowa ya kira ni ba, don dai surukin gobe ya ga irin mutumin da zai samu.

Ciyaman ya ja ƙyallen, aka yi tafi. Gaskiya allon ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida. Direbobi suka taru suna neman hanyoyinsu. Wani ya ce, "Ciyaman, wannan titin miƙaƙƙe yaushe aka yi mana shi ba mu sani ba? Ina ramukan?" Aka yi dariya, ni ma na yi, irin dariyar wanda ya san abin da jama'a ba su sani ba. Sai Ciyaman ya miƙo min makirufo ya ce Injiniya zai yi bayani. Na yi bayanin launuka, na yi na layuka, kaina yana ta fasuwa.

Ina cikin haka na ga Alhaji Lawan ya miƙe da sandarsa. Ya tako a hankali har gaban allon, ya fito da tabarau ya saka, ya daɗe yana dubawa.

"Yaro, ina Tudun Ɗinya?"

Na yi sauri na ɗora yatsa. "Ga shi nan, ranka ya daɗe."

"To ɗage yatsan mana, ai ka rufe shi."

Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗage. Ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa allon, ya gyaɗa kai. Sannan ya ɗaga sanda ya nuna zoben.

"Wannan kuma wane hakimi ne a nan? Ban san an yi sabuwar gunduma a maƙwabtanmu ba."

"Kwanar Ado ce, ranka ya daɗe."

"Ado mai shayi."

"Shi, ranka ya daɗe."

Duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya san abin da ake yi a irin wannan gaɓa. Ka sauke abin magana, ka durƙusa, ka ce kuskuren inji ne, za a gyara. Ni ma na sani. Amma ƙa'ida ta hau min kai, ga jama'a, ga shadda. Sai na ɗaga makirufo na kai bakina, na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba girman gari ake aunawa ba. Kwanar Ado a nan mutane ke sauka, a nan ake tsayawa. Shi kuwa garinku, wucewa kawai ake yi."

Na ji ƙarshen maganar tawa ya daki bangon shagunan tsallake ya dawo min. Ciyaman ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Wani mai unguwa ya yi tari. Alhaji Lawan ya cire tabarau, ya naɗe, ya mayar aljihu, ya ce, "To, madalla. Yau mun ƙaru." Ya juya ya nufi motarsa, mutanensa suka bi shi, ko lemon da aka ajiye masa bai taɓa ba.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Hoton allon ya zaga wayoyi, wani ya zagaye ɗigon da jan layi don a taimaka wa masu ciwon ido. Direbobi suka fara tsayawa a kwana suna ɗaga wa Ado hannu suna cewa "Allah ya ja zamanin hakimi", shi kuma yana roƙonsu su rufa masa asiri. Na kira Sa'adatu har na gaji ba ta ɗauka ba. Da ta ɗauka daga baya, muryarta babu wasa ko kaɗan.

"Baba ya ce a gaya wa manyanku su dakata tukuna."

A gidan sarauta in aka ce a dakata, wani lokacin dakatawar ke nan har abada, kuma na san akwai wani ɗan ƙanin dagacin, mai shagon siminti, da ya daɗe yana jiran in yi tuntuɓe. Ina son yarinyar nan, so na gaske, kuma ga shi zan rasa ta a kan ɗigon da bai kai ƙwayar wake ba. Na ɗauki gwangwanin fenti na nufi tasha da niyyar in mayar da Tudun Ɗinya zobe, Ciyaman ya tare ni. Ya ce in na ƙara wa gari ɗaya, gobe duk dagatan da ke kan allon za su zo da nasu awon, kuma shi tun da aka kafa allon baƙi sun daina wuce kwanar. "Ka je ka gyara bakinka," in ji shi, "allona lafiyarsa ƙalau."

Dole na kai kaina wurin Baffa Sani, wan mahaifina, wanda shi ne zai jagoranci tambayar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya tambaye ni ko a makarantar da na yi akwai darasin da ake cire wa mutum kunya. Ya yi min wankin babban bargo, sannan ya ɗauki waya ya nemi iso. Amsa ta dawo a taƙaice: mu zo ranar kasuwar garin, da hantsi.

Ranar muka shiga bas, Baffa da babbar riga, ni da babbar riga ta aro da ƙullin goro a cinya. Duk hanya ina maimaita kalmomin ban haƙuri a zuci. Na shirya yadda zan durƙusa a soron fada, inda ba kowa sai dattawa, a yi min faɗa a rufe, in fito. Kwandasta ya buga mota ya ce, "Kwanar Ado, masu sauka." (Har su sun ɗauki sunan.) Muka sauko muna neman motar Tudun Ɗinya.

Sai na ga tabarmi a shimfiɗe ƙarƙashin darbejiya, da darduma a kai. Ga dattawa a jere. Ga Alhaji Lawan a kan kujerarsa ta fada, wadda aka ɗauko tun daga gida, an kafa ta dab da teburin shayi. A gefensa kuma, a kan wata kujerar, ga Ado an sa masa babbar riga da ta yi masa yawa, ya zauna a ɗofane yana zufa kamar wanda aka kawo kotu. Kuma ranar kasuwa ce, duk bas ɗin da ta tsaya sai ta zubar da mutane, duk wanda ya sauka kuma sai ya fasa neman mota ya tsaya kallo.

Wakilin dagaci ya taso ya tare mu, ya dubi Baffa. "Sannunku da zuwa, Alhaji. Ku ƙaraso, ai nan ne."

Baffa ya kalle ni, na kalli ƙasa. Muka cire takalma muka ƙarasa. Aka gaisa da Baffa gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da damina da gajiya, kamar babu abin da ya faru. Sannan Alhaji Lawan ya ce wa Baffa, "Alhaji, ka yi haƙuri da wurin. Mun duba taswira ne muka ga a nan ake tsayawa. Muka ce bai kamata mu wahalar da manyan baƙi su je inda ake wucewa ba."

Na matsa zan zube a gabansa, ya ɗaga hannu.

"A'a, yaro. Ba a tsallake mai gari a gaida baƙo. Ni ma nan zuwa na yi. Fara da shi." Ya nuna Ado.

Na waiga wajen Baffa ko zai cece ni, Baffa ya ce, "Me kake jira?" Haka na ja babbar rigar aro na durƙusa a gaban Ado mai shayi, mutumin da nake yi wa tsawa in ya cika min sukari, na ce, "Barka da hantsi, ranka ya daɗe." Ado ya zabura ya sauko daga kujera ya durƙusa shi ma, yana cewa, "Injiniya, don Allah ka rufa min asiri, wallahi sa ni aka yi." Da na ga ya yi ƙasa sai na ƙara yin ƙasa. Da ya ga haka shi ma ya ƙara. Muka yi ta rige-rigen kaiwa ƙasa har goshinmu ya kusa haɗuwa, ga butar shayi tana tafasa tana zuba a wuta babu mai kula ta. Wata tsohuwa da kaza a hammata ta tambayi na kusa da ita ko rantsuwa ake ba mu. 'Yan acaɓa sun ɗaga wayoyi. Dattawa suna ta gyaran murya suna rufe baki da hannun riga. Alhaji Lawan kaɗai ne fuskarsa ba ta motsa ba. Ni kuwa a ranar na san cewa kunya tana da nauyi, don a wuyana na ji ta.

Da aka ga mun isa haka, Baffa ya karɓi magana ya fara ban haƙuri, ya ce yaro ne, ƙuruciya ce da ɗan karatun da bai nuna ba. Alhaji Lawan ya ce shi bai yi fushi ba, tambaya kawai yake da ita. Ya sa na matso kusa da ƙafarsa, ya rage murya yadda 'yan kallo ba za su ji ba.

"Tun yaushe kake zuwa Tudun Ɗinya?"

"An kusa shekara, ranka ya daɗe."

"In ka zo, wucewa kake yi?"

"Tsayawa nake yi."

"Haka nake ji. An ce min har sai an kira magariba ake samu ka tashi, furar gidana kuma ba ka taɓa mayar da ita da saura ba."

Sannan ya ƙara da cewa, "Da na je aikin Hajji na hau jirgin ƙasa, na ga irin zanen nan naka a bango. Na san abin da zoben yake nufi tun ranar. Allonka bai dame ni ba, bakinka ne ya dame ni. Sa'adatu ita ce 'yata ta fari. In na ba ka ita, Gwarzo za ka kai ta, gobe ƙila Kano. Na ga yara da yawa a garin nan, an ɗauke su da kiɗa an kai su birni, daga nan garin iyayensu ya zama wurin da ake nuna wa jikoki ta tagar mota. Da na ji ka faɗi maganar nan a gaban jama'a, kana murmushi, sai na ce to, ga wani ya zo."

Wannan ta fi durƙuson zafi. Durƙuson dariya ce, za a yi a gama. Wannan kuwa tsoron uba ne, kuma ni na taɓo masa shi da hannuna don in burge 'yan tasha. Duk jawabin da na haddace a mota ya gudu. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Na tuba, Baba. Ba zan raba ta da gida ba." Ban ma lura na ce Baba ba sai da na ga wakili yana murmushi.

Alhaji Lawan ya ce, "Allon nan kada ka taɓa shi. Shekaranjiya ma'aikatan rigakafi sun iso mana ba su ɓata ba, sun ce shi suka bi." Ya juya wajen Baffa. "Alhaji, manya su zo yadda aka tsayar. Amma a Tudun Ɗinya, in za ku iya gano shi." Sannan ya ce wa Ado ya cire rigar mutane ya haɗa wa baƙi shayi.

Da kun ɗauka na yi hankali daga nan, to ba ku san ni ba. Lokacin biki ya zo, ni na buga katin da kaina, kuma don in wanke laifina na sa 'yar taswira a bayansa. Tudun Ɗinya na yi masa zobe kamar faifai, ya cinye rabin katin. Gwarzo ɗigo. Kwanar Ado kuwa, saboda haushin durƙuson da na sha, na mayar da ita ƙwayar gero, sunan ma sai da tabarau. Sa'adatu ta gani ta ce, "Malam mai ƙa'ida, ina ƙa'idar?" Na ce ta bar ni.

Ranar ɗaurin aure abokaina na makaranta suka taso daga Kano a bas, da katin a hannu. Ba wanda ya ga alamar cewa akwai inda ake sauka a canja mota. Suka wuce kwanar suna hira, ba su farga ba sai da suka ga tashar Gwarzo, da allona a bakin ƙofa yana nuna musu ƙaton zoben da suka baro a baya. Kafin su juyo an shafa fatiha, an raba goro, har an fara naɗe tabarmi. A cikinsu har da babban abokin ango, wanda hular da zan saka a wurin walima take jakarsa. Da labari ya kai kunnen surukina, sai ya aiko wakili ya gaya min cewa in ji Baba, da na bar wa Ado zobensa, da ba su wuce ba.

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba. Zobe na inda ake canja mota ne, wannan gaskiya ne, kuma har gobe in aka ba ni aikin haka zan zana. Amma bayaninsa ba da lasifika ake yi ba, kuma kafin ka mayar da gari ɗigo, ka bincika ko a can kake neman aure.

Allon yana nan a bakin tasha, rana ta ɗan cinye launin kore. Ado ya sa an rubuta sunan kwanar a jikin teburinsa, ya ƙara benci. Mu kuma kusan kowace Juma'a muna hanya, ni da Sa'adatu da 'yarmu, mu sauka a zobe mu hau motar ɗigo. In na shiga soro na durƙusa, surukina ba ya fara amsa gaisuwata sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Injiniya, tsayawa ko wucewa?"

Ni kuma in ce, "Tsayawa, Baba." Shi ya sa har yau ban taɓa barin garin nan ba tare da na ci tuwo ba, ko da kuwa a ƙoshe na zo.